Ba infoma ne ya raba soja da talaka ba

Duk lokacin da 'yan bindiga suka yi wa sojoji kwanton ɓauna, kafin a kwana biyu sai a fito da waƙar da muka haddace: jama'a ba sa ba da haɗin kai, ƙauyuka cike suke da infoma. Infoma akwai su, babu musu. Amma me ya sa mutumin ƙauye, in ya hango kaki, yake shan jinin jikinsa kamar yadda yake yi in ya hango ɗan daji? Wannan tambayar ce hedikwatar tsaro ba ta son ji.

Aikin soja a Najeriya na ganin dama ne, ba a tilasta wa kowa. To wa ke bin layin Depot, inda ake horas da sababbin kurata, a Zariya? Ɗan manomi da ɗan lebura, waɗanda suka gama sakandare aiki ya gagara. 'Ya'yan masu zartar da shawarar yaƙi kuwa suna Landan ko Dubai. Shi ya sa mutuwar kurtu ba ta hana kowa barci a Maitama. Ranar 15 ga Janairu, ranar tunawa da 'yan mazan jiya, a ajiye furanni, a saki tattabaru, mai takaba ta ci gaba da zarya ofis-ofis tana neman haƙƙin mijinta.

Abin takaicin, wannan ɗan talakan ne, in ya zama soja, ake ajiyewa a shinge ya sa ɗan acaɓa ya sauka ya tura babur cikin rana, tsoho na kallo ba halin magana. Sannan ga Rann ta Jihar Borno a 2017, inda jirgin yaƙin Najeriya ya jefa bam a sansanin 'yan gudun hijira. Ga Tudun Biri ta Jihar Kaduna a Disamban 2023, jirgi marar matuƙi na sojoji ya hallaka aƙalla mutum 85 a wajen Maulidi. Bayan ta'aziyya da alkawura, wa ka ji an hukunta a bainar jama'a? Waɗannan mutanen ake so su kawo bayanan sirri?

Masu cewa a tilasta wa kowane matashi aikin soja wasa suke yi. Wanda ya iya sauya wa ɗansa jihar bautar ƙasa da kiran waya ɗaya zai iya cire shi daga fagen daga.

A 2013 matasan Maiduguri sun ɗauki gora sun nuna wa sojoji gidajen 'yan Boko Haram, ba tare da an yi musu wa'azi ba. A bayyana sakamakon binciken Tudun Biri, a biya iyalan sojojin da suka kwanta dama, a daina wulaƙanci a shinge, sannan a zo mana da maganar haɗin kai.