Rukunin Aiki Ne Ko Majalisar Hira?

Wai don Allah me ya sa mutane suka kasa bambanta rukunin aiki da majalisar hira? An buɗe rukuni a WhatsApp don injiniyoyi su tattauna matsalolin aiki, wani ya yi tambaya ƙwaya ɗaya kan injin da ke ɗaukar zafi yana mutuwa, kafin mai amsa ya gama rubutu an binne tambayar da "barka da safiya" arba'in, da hoton furanni, da bidiyon da ita kanta manhajar ta yi wa alamar an sha tura shi! Rukuni na ɗaukar mutum har 1,024, to idan kowa ya ce "na gode" a kan sanarwa ɗaya, wa zai ƙara ganin sanarwar? Ga mai saƙon murya na minti tara, sai ka saurara har ƙarshe ka tarar gaisuwa ce da tari. Ga wanda ba ya jawo saƙon da yake amsawa, sai dai ya rubuta "haka ne", wanne ne haka cikin magana ashirin? Ga mai tambayar abin da aka maƙale a sama tun jiya. Ga mai ɗaukar hoton takarda a karkace, rabi a duhu, alhali PDF ɗin na cikin wayarsa. Ga mai talla, ga mai siyasa, ga mai tura takardar sirrin abokin hulɗa ya goge bayan mutum ɗari sun sauke. Ƙarfe biyun dare waya ta yi ƙara, ka zabura kana zaton gaggawa ce, ashe sitika ce wani ya turo!