Yadda Na Zama Baffa Ajalan

Duk wanda yake Arewa a ƙarshen Oktoban 2024 ba sai an ba shi labarin duhun da aka sha ba. Manyan layukan da ke kawo mana wuta suka lalace, aka shafe sama da mako guda ƙwan lantarki ko ƙyaftawa bai yi ba. Masu ƙanƙara suka zama sarakai, masu cajin waya suka zama hakimansu. A layinmu, yaron da ke da ɗan janareto da allon soket ya ninka kuɗinsa, kuma ba ka da bakin magana, don tun da aka cire tallafin fetur a 2023 kowa ya san abin da galan yake ci. Za ka kai waya da safe, ya manna mata lamba, ya miƙo maka ɗan kwali. Ka dawo da la'asar ka same ta da zafi kamar dankalin da aka tono daga toka, caji kuma 63.

A cikin wannan hali aka sa ɗaurin auren ɗan yayana: ranar Asabar, ƙarfe 11, a wani ƙauye gaba da Kankiya. Yaya ya turo mini sadaki, naira dubu 200, ya ce in riƙe, don in suna hannunsa hidimar biki za ta lashe su, kuma wai ni ne mai tsari a gidanmu. Katina na banki ya daina aiki tun bara, ban je na sabunta ba. Ke nan kuɗin nan ba su da ƙofar fita sai ta wayata: in sami mai POS a can, in tura masa, ya ƙirgo mini. Auren yaro guda ya rataya a wuyan batirin da ya shekara uku yana wahala a hannuna.

Da tsoro ya kama ni, sai na sayi fawabank a wajen wani mai baro a bakin titi. An rubuta 50,000 a jikinsa, ga nauyi kamar dutsen guga, ni kuwa a tunanina nauyi shi ne inganci. Na biya aka cika shi. Ya ɗaga wayata daga 20 zuwa 26, ya ce ga garinku nan. Ɗan ƙanwata da muke kira Injiniya, saboda tun yana firamare yake kwance rediyon mutane, ya sa sukundireba ya buɗe shi a gabana. Ɗan batir guda ɗaya a ciki kamar yatsa, sai ƙullin yashi biyu a leda.

"Kawu, barka," in ji shi. "Ka fara tara kayan gini."

Daga nan ya karɓi wayar ya zaunar da ni kamar ɗan makarantar allo. Ya ce babban maciyin caji shi ne hasken fuskar waya, ni kuma na ƙure shi kamar mai haska filin ƙwallo. Ya rage. Ya sa fuskar ta riƙa mutuwa bayan daƙiƙa 30, maimakon minti goma da na sa mata. Na ce to a mai da komai baƙi, na ji an ce yana taimako. Ya ce wannan sai mai fuskar AMOLED, wadda in wuri baƙi ne ɗigon hasken wurin kashe kansa yake yi. Irin tawa fitila ce guda a bayan gilashi, ko baƙi ko fari tana kunne. Ya kashe Bluetooth, wanda ban ma san yana kunne ba, ya hana manhajoji bin diddigin inda nake, ya hana WhatsApp sauke duk bidiyon wa'azi da na maganin basir da ake jibgewa a zauren danginmu. Ya nuna mini jerin masu cin cajin, sai ga Facebook a sahun gaba, yana ta aiki a ɓoye ko ina barci.

Na ce ai ni kullum ina share manhajojin da na buɗe, ina ture su ɗaya bayan ɗaya. Ya ce wahalar da yatsana kawai nake yi, don sake tayar da manhaja daga farko ya kan ci abin da ya fi barinta a kwance. Na ce ina bari sai waya ta mutu murus kafin in sa caji, haka aka koya mana. Ya ce wannan karatun batiran da ne, na nikel. Na yanzu litiyam ne, sun fi son zama tsakanin 20 da 80, kuma babban makashinsu zafi: in ya haura digiri 35 suna jin jiki, balle a tura su ƙarƙashin matashi ana caji. Raina ya ɗan ɓaci. Na tuna masa cewa rakani-kashin da na riƙe lokacin da wayar salula ta fara yawa a ƙasar nan sai ta yi kusan mako ba ta ga soket ba.

"To Kawu, ita me take yi? Tocila da wasan maciji."

Abu na ƙarshe da ya faɗa shi ne ya kai ni ya baro. Ya ce a inda sabis ba shi da ƙarfi, waya ƙara murya take yi tana neman eriya, kamar mai kiran ɗan'uwansa daga tsallaken kogi, kuma wannan ihun batir yake ci. Saboda haka a kan hanya, in ba na jiran kira, in danna alamar jirgin sama. Ya faɗi "in ba ka jiran kira" sarai, akwai shaidu. Kunnena ne ya tace, ya riƙe jirgin kawai.

Daren Alhamis na kashe data. Ranar Juma'a bayan masallaci dangi suka yi gaba, ni na tsaya saboda shago, na ce zan taho da sassafe. Da magariba na karɓo waya daga wajen mai caji da 97, na sauke hasken har ƙasa, na kashe abin da ke daidaita shi da kansa, na kunna tsimin caji mafi tsanani, sannan na danna jirgi. Na naɗe ta a leda na ɗora a kan murfin randa don ta sha sanyi. Uwargida ta nemi aron tocila za ta duba tukunya, na ce ashana tana kan taga. Tata wayar kwana biyu ke nan a sume, abin da ya sa duk duniya babu wata hanyar da za a same mu.

Asabar na isa tashar Ƙofar Ruwa da wuri, amma sai wajen takwas da rabi mota ta cika. Wani saurayi kusa da ni yana ta kallon bidiyo, haske a ƙure, sauti a ƙure. Tausayinsa ya kama ni, har na yi masa nasiha a kan digiri 35. Muna ratsa Bichi na hango ana kafa rumfa a ƙofar wani gida, ana sauke fararen kujeru. Har da wani dattijo cikin shuɗiyar babbar riga irin ta Yaya sak, waya a kunne, yana ta safa da marwa. Na ce a raina, ikon Allah, kowa da mai kama da shi, kuma dubi yadda yake ɓarnar caji. Muka wuce Tsanyawa, na sauka a Kankiya, ɗan acaɓa ya ƙarasa da ni.

Sha ɗaya saura kwata ina ƙofar gidan su amarya. Ba rumfa, ba tabarma, ba mota ko ɗaya. Akuya biyu, sai wata tsohuwa a zaure tana ɓarar gyaɗa. Na gaishe ta, na ce ko na yi sammako ne.

"Ɗan nan, ai biki ya koma Bichi. Waliyyin ne ƙafa ta matsa masa, tun daren jiya aka ce a can za a ɗaura. Ba a faɗa maka a waya ba?"

Na zaro waya. Baƙi ƙirin. Na danna, na sake dannawa, ba komai, sai fuskata da nake gani a gilashi. Gabana ya faɗi, na ce shi ke nan randa ta kashe ta. Ashe tana kunne, hasken da na sauke ne ba ya iya ja da ranar Katsina. Sai na tsuguna, na cusa kaina cikin babbar riga ta wuya, na yi wa kaina ɗaki mai duhu. A nan na ga lambar: 94. Wallahi duk da halin da nake ciki sai da na ji wani ɗan alfahari. Da na fito da kai, yara sun kai goma sun kewaye ni, ɗaya yana gaya wa sauran wai kuka nake yi don an hana ni amarya.

Na cire jirgi. Ba sabis. Yaran suka ce ai a garin nan waya ba ta magana sai a gindin tsamiyar bayan makaranta. Muka ɗunguma, ni a gaba da malum-malum, su a baya kamar 'yan rakiyar ango. Suka nuna mini saiwar da ake takawa da ɓangaren da ake fuskanta. Na hau, na ɗaga hannu sama, sanda ɗaya ta fito. Sai wayar ta fara rawa kamar mai aljanu: saƙonnin waɗanda suka neme ni suka rasa, ɗaya na bin ɗaya. Kafin in gama karanta na farko, kiran Yaya ya shigo, da lambar wani. Ko sallama babu.

"Kana ina?"

"Yaya, ina gidan su amarya."

"Wane gidan? Kai, bar shi. Ga mai POS a gabana, zan karanto maka lamba, ka turo yanzu. Liman ya zauna."

Na duba, manhajar banki ta ɓace. Tsimin nan mai tsanani ya kwashe komai ya ɓoye, ya bar mini kira da saƙo da wasu 'yan tarkace. Sai da na koma cikin riga na lalubo hanyar fita daga ciki, na ƙure hasken da na sha yi wa mutane wa'azi a kansa. Manhaja ta dawo. Na buɗe, ta ce ba za ta yi aiki ba sai an sabunta ta, abin da da tuni ta yi da kanta a Kano in da ban ɗaure mata hannu ba. Haka na tsaya a kan saiwar tsamiya, hannu a sama kamar mai rantsuwa, ina kallon layi yana rarrafe: 4, 5, 5, 5, 6. Duk abin da Injiniya ya hana ya taru a lokaci guda, ga haske a ƙure, ga sabis sanda ɗaya, ga rana. Wayar ta yi zafin da sai da na riƙa sauya hannu. Caji ya fara zuba kamar ruwa a kwando, ni kuma a karon farko cikin kwana uku ban damu ba.

Sha biyu saura kwata kuɗi suka fita. An shafa fatiha tun da minti 20.

Daga baya aka ba ni labarin yadda ta kaya. Liman ya tambayi sadaki, Yaya ya faɗa. Ya ce lakadan ko ajalan? Yaya ya dubi hanya, ya dubi jama'a, ya ga a wannan zamani babu mai zaro dubu 200 daga aljihu, ya sunkuyar da kai ya ce ajalan, a hankali yadda liman kaɗai zai ji. Sanƙira kuwa ba a ɗauke shi aiki don ya rufa asiri ba. Ya cika ƙirji ya sanar wa duk Bichi cewa an ɗaura a kan naira dubu 200, ajalan ba lakadan ba, kuɗin suna hannun baffan ango, baffan ango kuma yana hanya.

Na iso wajen ƙarfe biyu, an fara naɗe tabarmi. Rumfar nan ce dai da na gani da safe, shuɗiyar rigar ma ita ce. Yaya bai yi faɗa ba, wanda ya fi faɗan ciwo. Ya ce garin neman gira na rasa ido, sannan ya tambaye ni saura nawa. Na ce 61. Ya nuna mini tasa, a mace. Ta ango a mace, ta babban aboki a mace, duk a wajen nemana suka ƙare. Ya miƙo hannu, na ba shi. Ya kira wani yaro ya ce a kunna wa kowa intanet daga jikinta, a kai cikin gida a yi wa mata hotuna da bidiyo, kada a dawo da ita sai ta yi shiru. Ba ta kai la'asar ba.

Bayan sallah ƙarama ango ya kawo amarya gaisuwa gidana. Yarinya mai kunya, mai ladabi, ba ta san komai ba sai abin da ta ji ana faɗa a gidan mijinta. Ta durƙusa har ƙasa, ta rufe fuska da mayafi, ta ce, "Ina wuni, Baffa Ajalan."

Na amsa.