Mutum ɗaya da karnuka takwas a filin da yara ke wasa

Jama'a salamu alaikum. Yau maganar da zan yi na san wasu a gida dariya za su yi, amma a nan Ingila rigima ce sosai, har zama ƙananan hukumomi ke yi a kanta. Akwai wata sana'a a ƙasar nan, mutum aikinsa kawai ya bi gida gida ya ɗebo karnukan mutane ya kai su yawo su sha iska su yi kashi ya mayar da su. Kuma ba kyauta ba wallahi, kare ɗaya awa ɗaya za ka ji ana maganar fam 10 zuwa 15, a Landan ma ya fi haka. Mai kare ya fita aiki tun safe, karen na kulle a falo, dole a samu mai fitar da shi, tun ba bayan korona ba da mutane suka yi ta sayen 'yan kwikwiyo suna zaman gida, da aka koma ofis kuwa sai kasuwar masu yawo da kare ta buɗe.

To lissafin ai a fili yake. In ka ɗauki huɗu kuɗin huɗu za ka samu, in ka ɗauki takwas ka ninka a awa ɗayar nan, shi ya sa da hantsi za ka ga ƙaramar motar kaya ta faka bakin fili, a buɗe baya karnuka su yi ta dirowa, igiyoyi a ɗaure a ƙugun mutum wasu a hannu, wannan na ja gabas wancan na ja yamma, ledojin kashi na reto a ɗan yatsa, waya kuma a kunne. Ni abin da nake kallo kullum shi ne idon mutumin. Ido biyu ne. Da zarar ya kwance su sun watsu, wanda ya tsuguna bayan bishiya ya yi abinsa babu wanda ya gani balle a kwashe, gobe yaro ya zo buga ƙwallo ya faɗi a kai, kuma kashin kare ba ƙazanta kawai ba ce, yana iya ɗauke da ƙwan wata tsutsa da kan taɓa idon yara.

Don haka ni dai ina bayan ƙananan hukumomin da suka ce a ƙayyade yawan karnukan da mutum ɗaya zai fita da su. Dokar da suke dogara da ita ta 2014 ce, ita ta ba su ikon kafa abin da ake kira PSPO, wato umarnin kare wuraren jama'a, su ce nan ba a shiga da kare, nan sai da igiya, nan kada mutum ɗaya ya wuce kaza. Wanda ya saɓa a yanka masa tara har fam 100 nan take, in ya ƙi biya aka je kotu tana iya kaiwa fam 1,000. Filayen masarauta irin su Hyde Park da Richmond Park sai da lasin ɗin kuɗi za ka yi sana'ar a ciki, kuma huɗu ne iyaka. Hampstead Heath, wani babban fili a Landan, su ma sun bi sahu. Hatta ƙungiyoyin kare haƙƙin dabbobi, RSPCA da Dogs Trust, waɗanda ba za a ce suna ƙin kare ba, shawararsu kada a wuce huɗu.

Wanda ke ganin abin wasa ne ya tuna Janairun 2023. A Caterham cikin yankin Surrey wata matashiya 'yar shekara 28 mai wannan sana'a ta fita da karnuka takwas, rikici ya kaure, kare ya far mata har ta rasu. Ba baƙuwa ba ce a aikin fa. Da aka yi zaman binciken musabbabin mutuwar, jami'in da ya jagoranta ya nuna damuwa cewa babu dokar ƙasa da ta ƙayyade yawan karnukan da mutum ɗaya zai fita da su.

Nan ne kuma nake da ƙorafi na gaske. Akwai dokar lasin ta 2018 kan sana'o'in dabbobi, ta ce mai ajiye karnukan mutane su kwana a wurinsa sai da lasin, mai renonsu da rana sai da lasin, mai kiwo yana sayarwa sai da lasin, amma mai yawo da su a bainar jama'a, shi da ya fi kowa cuɗanya da mutane, an tsallake shi. Yau ka buga talla a Facebook gobe ka zama ƙwararre, babu horo, babu wanda zai tambaye ka inshora sai in mai karen ne ya ga dama. Sai aka bar wa kowace ƙaramar hukuma ta yi nata, wannan ta ce huɗu, maƙwabciyarta ta ce shida, wata ta ce huɗu amma in ka biya lasin ka ƙara, wata ko oho. Me kuke tsammani mai mota zai yi? Minti goma ne ya tsallaka iyaka ya sauke takwas ɗinsa a filin da ba doka. Kamar mai shara ne da ya ture ta ƙofar maƙwabci ya ce ya yi tsafta.

Su ma masu sana'ar suna da magana, kuma na saurare su. Suna cewa huɗu ba sihiri ba ne, ƙananan karnuka shida masu ladabi sun fi manya biyu marasa ji sauƙin riƙewa, kuma in an rage musu adadi dole su ƙara farashi ko su ƙara zirga-zirga da mota, ga kuɗin lasin a kowane fili daban daban, ƙaramin mai sana'a ne zai ji jiki manyan kamfanoni su cinye kasuwa. Maganar kuɗin gaskiya ce, wasu hukumomin sai ka rantse kuɗin shiga suke nema, don za ka shekara ba ka ga ma'aikaci ko ɗaya yana duba lasin a fili ba, wanda ya biya ya bi doka shi ne wawa kenan. Amma maganar ladabi ban karɓa ba. Ma'aikacin da ya zo dubawa ba zai iya auna tarbiyyar kare ba, ƙirga kai kawai zai iya, kuma kowane mai kare a duniyar nan cewa yake nasa ba ya cizo.

Wannan kalmar ce ma ta fi ƙona min rai. Kare ya sheƙo da gudu ya ɗora ƙafafu a jikin dattijuwa mai sanda, ko ya lashi rigar mutum yana hanyar masallaci, sai ka ji daga can nesa ana cewa kada ka damu wasa yake. Mu da yawanmu ba mu taso da kare a ɗaki ba, na gadi da na farauta muka sani, kuma ko a cikin Turawan akwai masu tsoro da yaran da aka taɓa ciza. Filin na kowa ne, da harajinmu ake yanke ciyawarsa, wanda kuma yake cin kuɗi a cikinsa ai bai kamata ya ji haushi don an sa masa sharaɗi ba.

Abin da nake so a yi bai da wuya. Gwamnatin tsakiya ta sa masu yawo da kare cikin dokar lasin ɗin nan ta 2018, lasin ɗaya da zai yi aiki ko'ina, inshora dole, adadi ɗaya a duk ƙasa, ni huɗu na zaɓa, kuɗin da aka karɓa kuma a ɗauki masu sintiri da shi. Kafin nan, duk wanda ke zaune a nan, in ƙaramar hukumarku ta buɗe jin ra'ayin jama'a kan PSPO, don duk shekara uku sai an sabunta shi, ku daure ku shiga shafinsu ku cike fom ɗin, masu karnuka ba sa fashin cikewa.