Kowa ya ɗauki bindiga sai ya ce shi aka zalunta

Duk zaman sulhun da aka yi da 'yan bindiga a Jibiya ko Batsari maganarsu ɗaya ce, an kashe mana 'yan uwa, an kwashe mana shanu, 'yan sa-kai sun hana mu cin kasuwa. Wani abin gaskiya ne, ba musu. Toh amma don an zalunce ka shi kenan yaƙi ya halatta gare ka, a kan kowa ma?

Wannan muhawarar ba baƙuwa bace a ƙasar nan. Shehu Usmanu ya daɗe yana wa'azi bai zare takobi ba, sai da aka auka wa mutanen almajirinsa Abdussalami a Gimbana, ya yi hijira daga Degel zuwa Gudu a 1804, sannan aka gwabza da Sarkin Gobir Yunfa a Tabkin Kwatto. Hujjar ita ce kare kai da zaluncin sarakuna, haraji barkatai, cin gaisuwa, ƙwace kayan talaka. Kuma duk da girman Shehu ba a bar hujjar ta wuce salin alin ba. El-Kanemi, babban malamin Barno, ya rubuto daga can yana cewa in don saɓo da bidi'a kuke yaƙarmu ai saɓo ba ya fitar da mutum daga Musulunci, kuma wace ƙasa ce babu masu saɓo a cikinta? Muhammadu Bello bai ɓoye takardar ba, ya ba da amsa ya kuma saka ta cikin littafinsa Infaƙul Maisuri, shi ya sa ma har yau muke karanta ta. Ga Malam Abdullahi, ƙanen Shehu fa, da ya ga wasu sun koma neman ganima da sarauta ya bar rundunar ya nufi Makka, a Kano aka tsayar da shi. Wato ko yaƙin da aka fara da hujja ana bin sa da ido, wa aka sara, don me.

Mu Katsinawa mun ga abin da ke biyo baya. Ummarun Dallaje ya karɓi gari, Haɓe suka koma Maraɗi, aka yi shekaru ana kai wa juna hari, kuma jini ɗaya ne. Shi ya sa da ECOWAS ta fara zancen kai sojoji Nijar a 2023 mutane suka ƙi, don an san gidan wa harsashin zai faɗa.

Saboda haka ni dai a teburin sulhu a saurari kukan ɗan bindiga, eh, amma a tambaye shi matar da ya ɗauke a gona da rumbun da ya ƙona su suka sace mashi shanu? Ɗan sa-kai da ya tare Bafulatani a hanyar kasuwa ya kashe shi don kawai Bafulatani ne shi ma a yi mashi wannan tambayar, kuma a gaban dangin mamacin, ba a gaban manya kaɗai ba.