Allah ya isa a shafin farko

Na je mayar da littafin 'yata a laburaren unguwarmu nan Birmingham, muna 'yar hira da matar da ke karɓa, sai take ce min ai duk aron da aka yi, marubucin yana da ɗan kasonsa. Na ɗauka zolayata take yi. Ashe doka ce tun 1979: gwamnati ke ware kuɗin, a lissafa yawan aron da aka yi wa littafinka a shekara, a turo maka. Kwabbai ne a kan kowane aro, kuma komai farin jininka ba za ka wuce fam 6,600 ba, don kada manya su lashe tukunyar.

Nan take shagon hayar littattafai na bakin layinmu a Fagge ya faɗo min. Yaya ce ke aikena in karɓo mata kashi na biyu. Bangon ya sha salatif, gefen shafukan duk shatin manja, wani wurin ma wata ta ja layi da biro a ƙarƙashin kalaman saurayin. Kafin littafin ya koma shago ya zaga gida biyar. Mai haya ya ci, ɗan sari a Sabon Gari ya ci. Ita kuwa marubuciyar, baiwar Allahn da ta kwashi adashinta ta biya maɗaba'a, sai sintiri, ana ce mata ta dawo bayan Sallah.

Yanzu takarda ta yi tsada, kasuwar ta koma waya. Ki tura ɗari biyar, ki nuna shaidar biya, a jefa ki a guruf ɗin WhatsApp. Kafin gari ya waye wata ta kwashe ta watsa kyauta. Shi ya sa za ka buɗe labarin soyayya ka fara cin karo da "ban yafe ba".

Kada a ce na zo Turai na ruɗe. A nan sai ka samu wakilin da zai nemo maka kamfanin buga littafi tukuna, ya yanki kashi 15 cikin 100, littafin ya yi shekara ɗaya ko biyu a hannun editoci, kuma yawancin marubutan da wani aikin suke biyan haya. Tamu marubuciyar in ta makara da shafin yau, masu karatu har waya suke bugo mata. Wannan gatan da yawa a nan ba su taɓa ɗanɗana shi ba.

Abin da ke ci min tuwo a ƙwarya shi ne masu karanta littattafan mutane a YouTube. Ingila sai ta bi laburare-laburare kafin ta haɗa lissafi. Namu lissafin ga shi ɓaro-ɓaro a ƙarƙashin kowane bidiyo, ga tallace-tallace suna shiga. Wasu suna neman izini su biya, madalla. Sauran fa, waɗanda ko sunan mai littafin sai sun ga dama suke faɗa? Da ni ce ƙungiyar marubuta, su zan fara aika wa takarda.