Kura da shan bugu: matan da suka tsayar da motocin Montgomery

Duk watan Disamba sai hoton nan ya sake yawo a Facebook: mace baƙar fata zaune cikin bas tana kallon taga, wani Bature da kwat zaune a bayanta. A ƙasansa kuma a rubuta labarin da kowa ya haddace, wai wata tsohuwa ce mai ɗinki ta taso daga aiki a gajiye, aka ce ta tashi ta ba Bature kujera ta ƙi, shi ke nan sai Martin Luther King ya miƙe ya ƙwato wa baƙaƙen Amurka 'yanci. Ni ma haka aka ba ni labarin, haka kuma na yi shekaru ina ba wasu.

To, shi kansa hoton shirya shi aka yi. An ɗauke shi ranar 21 ga Disamba 1956, bayan baƙaƙen fata sun gama ƙaurace wa motocin bas na birnin Montgomery, kuma Baturen da ke bayanta ɗan jarida ne. Matar da ke hoton kuwa, Rosa Parks, shekararta 42 a ranar da aka kama ta, 1 ga Disamba 1955. Ina tsufa a nan? Ita da bakinta ta sha faɗa cewa jikinta bai gaji fiye da kullum ba, abin da ya ishe ta shi ne sunkuyar da kai. Tun 1943 take sakatariyar NAACP, ƙungiyar kare haƙƙin baƙaƙen fata, reshen Montgomery a jihar Alabama. A 1944 ita aka tura garin Abbeville ta binciki fyaɗen da wasu fararen fata suka yi wa wata matar aure, Recy Taylor, a zamanin da yin irin wannan tambaya kaɗai kan iya jawo wa mutum rasa ransa. Macen da ta yi shekara goma sha biyu tana tattara ƙorafe-ƙorafen mutane tana rubutawa, ita ce aka mayar mana da baiwar Allah da ciwon ƙafa ya hana tashi. Wannan shi ne abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya. An ɗaukaka sunanta, an kuma rage mata tsawo, duk a lokaci guda.

Amma ita ma ta ci sa'a, tunda ana tuna sunan. Bari in ba ku labarin wadda ba a tunawa.

Yadda tsarin motocin yake, kujeru goma na gaba na fararen fata ne ko da babu ko mutum ɗaya a kansu. Baƙar fata zai hau ta gaba ya biya kuɗi, ya sauko, ya zagaya ya shiga ta ƙofar baya, wani lokacin kafin ya kai ƙofar direba ya ja mota da kuɗinsa. A ƙarshen 1949 wata malamar Turanci a kwalejin baƙaƙen fata ta jihar Alabama, Jo Ann Robinson, ta shiga bas kusan babu kowa a ciki, ta zauna a gaba ba tare da ta lura ba. Direba ya taso mata da tsawa, ta fita a guje tana hawaye. Ba ta manta ba. Shekara ta zagayo ta zama shugabar wata ƙungiyar mata masu ilimi da Mary Fair Burks ta kafa, wadda suke kira Majalisar Siyasa ta Mata. Ranar 21 ga Mayu 1954, kwana huɗu bayan Kotun Ƙolin Amurka ta haramta raba makarantu bisa launin fata, ta rubuta wa magajin gari W. A. Gayle wasiƙa. Ta tuna masa cewa kashi uku cikin huɗu na masu hawa motocin nan baƙaƙe ne, kuma ana ta maganar ƙaurace musu. A lura da kwanan watan: shekara ɗaya da rabi kafin a kama Rosa Parks, kuma a lokacin King bai ma tare a garin a matsayin fasto ba. Ba a fafe gora ranar tafiya, matan nan tuni sun fafe tasu sun rataye.

Daren Alhamis ɗin da aka kama Parks, labari ya iske Robinson. Ba ta jira taron dattawa ba. Tsakar dare ta nufi kwaleji ita da wani abokin aikinta da ɗalibai biyu, suka buɗe ɗakin da injin gurza takardu yake. Waɗanda suka yi firamare a da za su tuna shi, injin nan da ake juyawa da hannu, wanda takardar jarrabawa ke fitowa daga cikinsa tana warin tawada. Da shi suka kwana suna juyi, suna yanka, suna ɗaurewa dami-dami. Kafin gari ya waye sun fitar da takardu aƙalla dubu 35, saƙonsu gajere: an sake kama wata mace baƙar fata, ranar Litinin kada wanda ya hau bas, ko zuwa aiki, ko makaranta, ko cikin gari. Da safe ta shiga aji ta koyar kamar ba abin da ya faru, sannan ta ɗauki mota aka bi makarantu da shaguna da wuraren aski ana sauke damman takardu a hannun matan da aka riga aka tsara. Lokacin da fastoci suka zauna taro da yammacin Juma'a don su yanke shawara, takardar ta riga ta shiga gidaje.

Ranar Litinin 5 ga Disamba motoci suka yi ta zagaye fayau. Kotu ta ci tarar Parks dala 10 da kuɗin shari'a dala 4. Da rana aka kafa sabuwar ƙungiya aka ba King shugabanci, yana ɗan shekara 26. Da dare dubban mutane suka cika cocin titin Holt har waje. An gabatar da Rosa Parks, jama'a suka miƙe suna tafi, amma ba a ba ta lasifika ba.

Kada a fahimce ni a baibai. Yabon gwani ya zama dole, King gwani ne, ya kuma biya farashi: ranar 30 ga Janairu 1956 aka jefa bam gidansa matarsa da jaririyarsu suna ciki, daga baya kuma aka kashe shi a 1968. Ita ma Robinson da gangan ta riƙa ɓoye sunanta, domin kwalejin ta gwamnatin jiha ce, ana iya korarta a wayi gari. Duk da ɓoyon, an jefe tagar gidanta da dutse, an watsa wa motarta ruwan batir, a 1960 kuma ta bar aikin ta bar jihar. Ɓoyon da ta yi a 1955 yana da dalili. Wanda aka ci gaba da yi mata shekara talatin, arba'in bayan haka, a littattafan makaranta da jawaban tunawa, shi ne ban ga dalilinsa ba.

Sai maganar Claudette Colvin, wadda ta fi tsaya mini a rai. Wata tara kafin Parks, ranar 2 ga Maris 1955, wannan yarinya 'yar shekara 15 tana dawowa daga makaranta aka ce ta tashi, ta ƙi. 'Yan sanda suka fizgo ta daga mota tana ihu cewa tsarin mulki ya ba ta 'yancin zama, suka sa mata ankwa suka kai ta kurkukun manya. Daren da aka yi belinta mahaifinta bai runtsa ba, ya kwana zaune da bindiga yana jiran masu zuwa ɗaukar fansa. Rosa Parks ta san ta sarai, domin ita ke kula da reshen matasa na NAACP da yarinyar take ciki. Shugabanni suka duba lamarin suka ga ba za su gina gwagwarmaya a kanta ba. Yarinya ce, daga unguwar talakawa, mai zafin baki, ita kuma ta sha faɗa cewa duhun fatarta ma yana cikin lissafin. Bayan 'yan watanni wani babban mutum ya yi mata ciki, sai aka rufe babinta gaba ɗaya.

Na daɗe ina juya wannan hukunci nasu. A siyasance ina jin sun yi daidai, jaridun fararen fata da sun yi kaca-kaca da ita, tafiyar ta mutu tun ba ta tashi ba. Abin da ya biyo baya ne ya ba ni haushi. Da aka zo neman waɗanda za su sa sunansu a takardar ƙara a kotun tarayya, aikin da kowa ya san zai iya jawo kora daga aiki ko ƙone gida, sai aka tuna da ita. Lauya Fred Gray ya shigar da ƙarar ranar 1 ga Fabrairu 1956, kuma mata huɗu ne suka tsaya har ƙarshe: Aurelia Browder, Susie McDonald wadda ta haura saba'in, Mary Louise Smith 'yar shekara 18, da Colvin. Akwai ta biyar da barazana ta sa ta janye. Babu namiji ko ɗaya a cikinsu, babu fasto, ita kanta Parks ba ta ciki. Wannan ƙara ce alƙalai uku suka yanke a watan Yuni, biyu suka rinjayi ɗaya, Kotun Ƙoli ta tabbatar ranar 13 ga Nuwamba, umarni ya iso Montgomery ranar 20 ga Disamba. Wato abin da ya karya dokar a hukumance shi ne shari'ar da ke ɗauke da sunan Browder. Ku tambayi mutum goma da suka san Martin Luther King ko sun taɓa jin sunan. Colvin ta kasa samun aiki a garin, ta koma New York ta yi shekara 35 tana jinyar tsofaffi. Sai a 2021, tana da shekara 82, wani alƙali ya goge laifin daga kundin kotu.

Kwana 381 aka yi ana ƙauracewar. Mu da ke nan mun san yajin aikin kwana uku ma yadda yake kwance wa mutane gwiwa. Su waye suka yi tafiyar ƙasan? Akasari mata ne masu aikatau a gidajen fararen fata, masu wanki da girki da raino, waɗanda gidajen aikinsu ke can ɗaya gefen gari. Cikin sanyi da ruwan sama suke takawa, su yini a tsaye, su tako su dawo su ɗora tukunyar gidansu. An shirya motocin sa-kai kusan 300 suna ɗiban mutane, to amma mota tana shan mai, tana cin taya, ga tarar da 'yan sanda ke rubuta wa direbobi ba gaira ba dalili.

Nan Georgia Gilmore ta shigo, kuma duk macen da ta taɓa kwana a bakin murhu daren jajibirin biki za ta gane ta. Kuku ce a wani gidan abinci, ungozoma ce kuma, da 'ya'ya shida. Ta tara mata suka fara da soya kaza suna sawa a burodi suna sayarwa a wurin taro. Ribar suka juya suka shiga gasa kek da kayan zaƙi, ana kaiwa shagunan gyaran gashi da wuraren wanki da tashoshin tasi, har fararen fata suna saye ba su san inda kuɗinsu ke tafiya ba. Matan suna tsoron a gane su a kore su daga aiki, don haka kuɗin a hannun Gilmore kaɗai yake taruwa, in an tambaya daga ina, sai ta ce daga babu ko'ina. Sunan da ya bi ƙungiyar ke nan. Duk taron mako sai ta miƙe a coci ta faɗi abin da suka kawo, jama'a su ɗauki sowa. Wata mata, Inez Ricks, ta kafa tata a ɗaya ɓangaren garin, aka shiga rige-rigen wa zai fi kawowa. Adashi ne fa, irin wanda muka sani, sai dai kwasar ta gari ce gaba ɗaya. A watan Maris 1956 Gilmore ta tsaya a kotu ta ba da shaida kan wulaƙancin direbobi, wurin aikinta suka sallame ta. Ta mayar da gidanta gidan abinci, King da mutanensa suka riƙa cin abinci suna shawara a teburinta.

Wani zai ce ai tafiya ɗaya ce, wa ya damu da wanda aka ambata? Ni na damu, domin yadda aka ba da labari shi ke koya wa na baya yadda ake aiki. Wanda aka ce masa mace ɗaya ta gaji, namiji ɗaya ya yi jawabi, sai doka ta faɗi, zai zauna yana jiran mai jawabi. Ba zai san cewa sai da aka yi shekaru ana rubuta wasiƙa, ana tsara wa zai raba takarda a wace unguwa, ana ƙirga kuɗin mai ba. Mu ma ba mu tsira ba: a shekarun nan dai Gambo Sawaba take shiga da fita gidan yari saboda NEPU da 'yancin matan Arewa na jefa ƙuri'a, yau da yawa sunan asibiti kawai suka sani.

Ko a babban gangamin Washington na 28 ga Agusta 1963, wanda duniya ta haddace jawabin da King ya yi a wurin, babu macen da aka ba cikakken jawabi a jadawalin. Anna Arnold Hedgeman, mace tilo a kwamitin shirya taron, sai da ta yi ƙorafi kafin aka saka ɗan gajeren yabo ga mata. Daisy Bates, wata jagorar NAACP, ta yi magana ta kusan minti ɗaya. Dorothy Height, shugabar babbar ƙungiyar matan baƙaƙen fata ta ƙasa, tana kan dandamali har aka tashi ba ta ce uffan ba. Rosa Parks kuwa a lokacin tana Detroit da zama, domin ita da mijinta duk sun rasa aikinsu a Montgomery, sun yi shekaru cikin bashi da rashin lafiya. Da ta rasu a 2005 aka ajiye gawarta a zauren majalisar dokokin Amurka don girmamawa, mace ta farko da aka yi wa haka.

Georgia Gilmore ba ta bar Montgomery ba. A watan Maris 1990 ana shirin cika shekara 25 da tattakin Selma, wanda aka yi daga garin Selma zuwa Montgomery don neman 'yancin jefa ƙuri'a ga baƙaƙen fata, ta tashi tana haɗa abincin da za a ciyar da masu tattakin tunawa, rai ya yi halinsa. Abincin da ta bari shi aka raba wa waɗanda suka zo gaisuwa.