Ku danna ƙararrawa, ku danna ƙararrawa!

Wai don Allah ni kaɗai na gaji ne? Da can faifan fim ake sayowa a Ƙofar Wambai, a kalla har ƙarshe, maƙwabta ma su ara. Yanzu komai ya koma YouTube, labari ɗaya an yayyanka shi kashi arba'in kamar naman layya! Kafin jarumi ya yi sallama wani ya faɗo: ku danna ƙararrawa, ku tura wa 'yan'uwa. Uwa na tsakiyar kuka, sai ga mai maganin basir. Hoton gaba kuwa? Mace ta dafe kai, an rubuta "Innalillahi, asiri ya tonu", ka shiga ka tarar girki ake koyarwa. Zauren WhatsApp na dangi, inda ake sanar da haihuwa da rasuwa, ɗan ƙanwata ya mayar da shi allon talla, turi bakwai kafin azahar, har da "Kawu, ka kalla kuwa?" Data tana zuba kamar tulu ya fashe, daidai za a faɗi wanda ya yi kisan, 'yar da'irar nan ta hau juyi. Ta tsaya? "Mu haɗu mako mai zuwa." Da kuɗin wa?